Motar nan mai kujera biyu da injin Matrix a bayanta, ina sirrin yake?

Dan_Kinkinau:

Salamu alaikum yan uwa masana mota, da fatan an yini lafiya, ya zafi ya hakuri da tsadar mai. Wani abu ne ya tsaya min a rai tun shekaranjiya nace bari in kawo shi nan ko Allah zai sa a samu mai warware min. Muna zaune a majalisa bayan la'asar sai abokina ya miko min waya yace kalli ikon Allah, wata yar mitsitsiyar mota ce a kwance a kasa kamar an taka kwado, kujera biyu kacal, ba rufi, wai ita Lotus Elise, ana zagaye da ita a filin tsere kuma duk inda aka zo kwana sai ta bar manyan motoci suna shakar kurarta. Ni a raina nace ai irin masu silinda takwas ko sha biyun nan ce, can sai mai motar ya tsaya ya daga murfin baya yana bayani wai injin Toyota ne a ciki, 2ZZ, silinda hudu, 1.8. Wlh saida na maida bidiyon baya na sake ji, domin wannan injin shine a cikin Matrix XRS din yayana wadda muke cika ta mu shida muje daurin aure Zariya.

To abinda ban gane ba, in dai inji daya ne me yasa waccan take tashi kamar aljana ita kuma ta yaya sai an lallaba ta a hawan gadar Kawo in mun cika ta? Sannan meye hikimar kai inji bayan kujera ba gaba ba kamar kowace mota ta mutunci. Wanda yafi daure min kai ma, naji yace gam aka sa aka manna shasin ba walda ba, gam fa jama'a. Kuma don Allah kada a min dariya, tunda injin nan gashi nan zube a Oriapata na Beljiyam, ashe mutanenmu na Panteka ba za su iya hada mana irinta ba? A taimaka ma dalibi.

Injiniya_Malali:

Wa alaikumus salam Ɗan Kinkinau. Ba mai yi maka dariya, ka tsokano inda yake min ƙaiƙayi ne ma, sai dai ka yi haƙuri da tsawon rubutu.

Ka manta da inji tukuna, ka dubi sikeli. Elise ta farko da ta shigo kasuwa a 1996 kilo 725 ce. Ka buga da buhun siminti mai kilo 50, buhu goma sha huɗu da rabi kenan, mota sukutum da injinta da tayoyinta da kujerunta. Matrix ɗin yayanka ta haura kilo 1,200 tun kafin ku shida ku shiga da manyan riguna. Kuma waccan ta farkon ba ma injin Toyota ba ne a cikinta, na Rover ne 1.8 mai ƙarfin doki 118, ko na Corolla ɗin da ake kabu-kabu da ita bai kai ba, amma da shi take tashi daga tsaye ta kai gudun kilomita 100 cikin kamar daƙiƙa 6. Jaki ɗaya ne, yau an ɗora masa mangala cike da yashi, gobe yaro kaɗai ya hau.

Lotus kamfanin Ingila ne, masana'antarsu na wani ƙauye Hethel a yankin Norfolk, tsohon filin jiragen soja ne na yaƙin duniya na biyu da suka tare a cikinsa a 1966. Wanda ya kafa kamfanin, Colin Chapman, aƙidarsa kenan tun fil azal, cewa ƙarin ƙarfin inji a miƙaƙƙiyar hanya yake maka rana, rage nauyi kuwa ko'ina yana biyanka, a kwana, a burki, a shan mai, har cin taya. Ya rasu a 1982 bai ga Elise ba. Bayan shi sun ɗan saki hanya, sun yi wata Elan a 1989 mai jan gaba da injin Isuzu, kasuwa ba ta karɓe ta ba. Sai da wani ɗan Italiya Romano Artioli ya sayi kamfanin daga hannun General Motors a 1993 aka koma gidan jiya. Julian Thomson ya zana surar motar, Richard Rackham ya yi aikin shasi, aka raɗa mata sunan jikar mai kamfanin wato Elisa, ranar da aka buɗe motar a baje kolin Frankfurt a 1995 yarinyar na zaune a ciki tana ƴar shekara biyu.

Batun wurin inji. Akwai bambanci tsakanin inji a baya da inji a tsakiya, mutane na haɗa su. Beetle, wadda iyayenmu ke cewa Ijapa, injinta yana rataye ne can bayan tayoyin baya. Na Elise yana tsakanin bayan direba da tayoyin baya, wato a cikin tsakanin tayoyi huɗun. Ka taɓa lura da ɗan garuwa mai sanda a kafaɗa, garwa ɗaya gaba ɗaya baya? In aka kira shi daga baya sai ya juyo a hankali, don nauyin na can bakin sanda, kuma in ya fara juyowa tsayawa ma aiki ne. Wanda ya ɗora ruwan a ka kuwa juyi ɗaya zai yi. To haka mota take, inji shi ne abu mafi nauyi a jikinta, in ka matso da shi tsakiya kusa da direba da tankin mai sai ta riƙa bin sitiyari tun kafin ka gama murzawa. Na biyu, kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin yana kan tayoyin baya, su ne kuma masu turawa, don haka in ka taka totur ƙasa suke kamawa ba sa tsayawa wulwula a banza.

Inda abin yake burge ni shi ne yadda ragi ɗaya ke haifar da wani. Tunda gaba ba nauyi, ba a buƙatar fawa sitiyari, an huta da famfonsa da belinsa da mansa, kuma har aka daina ƙera motar ba a taɓa sa mata shi ba. Tunda inji na manne da tayoyin da yake juyawa, ba farfela doguwa. Mota mara nauyi ƙaramin burki ya ishe ta, ƙaramin burki ƙaramin wili, ƙaramin wili ƙaramar shokazoba. Ta farkon ko kafet babu a ƙasa, gilashi da hannu kake murzawa, ba ABS mai hana taya ƙamewa in an taka burki.

Dabarar ta fito ne daga tsere, kamfanin Cooper ya ci gasar Formula 1 a 1959 da 1960 da Jack Brabham da inji a bayan direba, cikin ƴan shekaru kowa ya bi. A kan titi akwai Lamborghini Miura da Lotus Europa a 1966, Porsche 914 a 1969. Amma wadda ta shafi tambayarka ita ce Fiat X1/9 ta 1972. Abin da suka yi, suka ɗauko inji da giyabos na Fiat 128 mai jan gaba, wanda dama a gicciye yake a dunƙule wuri ɗaya, suka ɗaga shi ɗungurungum suka ajiye bayan kujera. Shi kenan an samu motar tsere da kayan motar talaka. Toyota ta yi haka a 1984 da MR2 da injin gidan Corolla. Saboda haka ganin injin Matrix a bayan Lotus ba abin mamaki ba ne, tsohuwar hanya ce aka bi. Maganar gam bari in dawo daga masallaci.

Mai_Walda_Panteka:

Injiniya ranka ya dade, duk na yarda da bayaninka musamman na dan garuwa, amma maganar gam din nan kafin ka dawo bari in ajiye tawa. Shekarata ashirin da biyu ina rike da wuta, tun ina yaron shago ina dauko ma oga kabaid, ban taba ganin inda gam ya rike karfe ya dauki rai ba. Takalmi ma in ka manna shi da gam ka taka kwaltar Ahmadu Bello Way da azahar a watan Afrilu baki yake budewa, balle mota mai gudun dari biyu. Kila a kasarsu ta sanyi abin yayi, nan kam ina jin tun a Mando zata fara rabuwa gida biyu direba yayi Kawo injin yayi Rigasa.

Shi kuma Dan Kinkinau da yake tambayar ko zamu iya, kanina a Panteka an hada injin nika an hada na casar shinkafa an hada bodin tifa da tankin ruwa da keken guragu, wasu ma in ka gani sai ka rantse daga jirgi aka sauke su. A bani faif mai kyau da zane wlh sati uku yayi yawa zan tada maka kwarangwal din. Abinda bana so shine a zo ace sai gam.

Injiniya_Malali:

Oga mai walda Allah ya bar mana ku, na yi dariya har liman ya waigo. Amma ka duba motar da ke gaban shagonka yanzu, gilashin gabanta me ke riƙe da shi? Gam ne. Birek fad ɗin da ke tsayar da ita, wannan baƙin abin da ke cin faranti da me aka liƙa shi a jikin ƙarfensa? Gam ne, kuma zafin da yake sha in an sauko gangara ranar Afrilu ba ta isa ta kama ƙafarsa ba. Jiragen sama ma sun daɗe ana manna sassansu.

Dalilin da ya sa suka guji walda ka fi ni saninsa. Shasin Elise alminiyam ne, irin wanda ake turo shi ta cikin mazubi ya fito dogo da siffar da ake so, kamar taliyar murji, ko in ce kamar firam ɗin tagar da masu gilashi ke yankawa. Alminiyam in wuta ta taɓa shi gefen ɗinkin laushi yake yi, ƙarfinsa ya ragu, dole ka ƙara masa kauri don ka rufe asarar, kauri kuma nauyi ne. Da gam ba zafin da zai kashe shi, kuma maimakon nauyi ya taru a siririn layin walda sai ya bazu a faɗin inda aka manna. Gam ɗin efoksi ne da ake gasawa a cikin oba ya ƙame, sannan a bi bakin haɗin da ƙananan kusoshi don kada ya samu inda zai fara ɓarewa in an yi karo. Kamfanin Hydro Aluminium ne ya fara yi musu a Denmak. Abin da ya fito kamar kwale-kwale yake ko baho, kai kana zaune a ciki, nauyinsa kilo 68, mutum biyu sun ɗaga shi. Bodin da ke sama faiba ne, ba ya ɗaukar nauyin komai, riga ce kawai.

Amma inda kake da gaskiya, kuma babba. Wannan shasi in ya lanƙwashe a haɗari ba a kai shi wurin mai bugun mota a ja shi da sarƙa a gasa a miƙe, sabo ake sawa gaba ɗaya, shi ya sa ƙaramin bugu a inda ƙafar taya ke kamawa kan kashe motar. Kuma manna shi sai an wanke alminiyam ɗin an gyara fatarsa a wuri mai tsabta, ƙurar hunturu ɗaya ta sauka a kai ta ɓata aikin. Don haka in za a yi a gida hanyarka ce daidai, faif. Chapman kansa da faif ya yi Lotus Seven a 1957, kuma Caterham da suka karɓe ta a 1973 har yau a kan faif suke ƙera ta. Sai dai ba tada ƙwarangwal ne wahalar ba, inda za ka kafa ƙafafun taya ne, in ka kuskure da faɗin yatsa ɗaya motar za ta riƙa tafiya kamar kaguwa.

Baba_Kakuri:

Yara sannunku da kokari. Jikana ne ya nuna min wannan hira yace Baba ga irin taku, shi yake rubuta min ina fada. Na yi aiki a kamfanin Peugeot na nan Kakuri zamanin 504 da 505, bayan na bari na bude gareji na, yanzu ido yayi rauni sai baki.

Injiniya yayi bayanin dadin abin, ni bari in fadi dacinsa. Na farko zafi. Inji yana baya a cikin akwati, iska bata dukansa kai tsaye, lagireto kuma yana can gaba a hancin mota, ruwa sai ya bi dogayen faif ta gefen kujeru yaje ya dawo. In iska ta shiga layin nan baka fitar da ita da kyau ba, allura zata nuna maka lafiya lau alhali kan inji yana dahuwa. To ku hada wannan da halinmu, mota na zuwa daga Kwatano abu na farko a cire tamostat a jefar a hada fanka dairek a dura ruwan rijiya. Wannan motar ba zata yafe maka haka ba. Shi injin Rover din da Injiniya ya ambata, K-Series, duk wanda ya san Freelander 1.8 ya san shi, inji ne mara nauyi mai kyau amma duniya ta san shi da kona tof gasket, ruwan da yake dauka kadan ne, da ya dan ragu sai labari ya canza. Daga 2004 Lotus suka fara sa na Toyota, babban dalili suna son shiga kasuwar Amurka kuma na Toyota ya riga ya cika sharudan hayakinsu, sai gashi a 2005 kamfanin MG Rover din ma ya durkushe. Wannan 2ZZ din da hannun Yamaha a cikinsa, yana da kam biyu, wato tozon da ke bude bawul, a jikin sanda daya, karami na yawon gari, in allurar juyin inji ta wuce wajen 6,000 a minti sai babban ya karba murya ta canza ya tafi har 8,000. A Lotus doki 189 yake bayarwa, su suka rubuta nasu lissafin biren bos, wato kwamfutar inji. Yaro, yayanka kila bai taba kai allurar can ba tunda ya sayi motar, shi yasa baku san abinda kuke dauke dashi ba. Kuma yana son mai mai kyau da bakin mai a kan lokaci, ba na bumburutu ba.

Na biyu shine wanda nake so ku rike. Motar da nauyinta ke baya, in ka shiga kwana da gudu ka tsorata ka dauke kafa daga totur gaba daya, nauyi sai ya zubo gaba, baya yayi sakayau, kafin kace innalillahi gindin motar ya wuce ka. Wannan saurin juyin da Injiniya yake yabo shine dai yake juyowa kanka, dan garuwa mai sanda yana baka lokaci, mai dauka a ka baya bayarwa. Motata ta farko injinta a baya yake, ina saurayi na dawo daga Kachia bayan ruwan sama na shiga wata kwana da rawar kai, na ga shanu na saki totur, sai gani ina kallon inda na fito. Laifina ne ba na kowa ba, daga ranar buhun yashi baya barin gaban motar. MR2 ta biyu ma tayi wannan suna a farkon fitowarta har Toyota suka sake mata saitin kafafun baya da taya. Ita Elise in kun lura tayar gaba siririya ce ta baya fadi, a Elise ta biyu fadin milimita 175 gaba 225 baya, da gangan akayi don gaba ya fara zamewa a hankali ya gargade ka kafin baya ya tafi. Ka kaita wurin mai taya ya zuba maka Beljiyam hudu kai daya kaga ka cire gargadin.

Maman_Hanan:

Ni duk wannan lissafin naku ban ga inda aka ce ga but ba. Kujera biyu, to in Abban Hanan ya sayo ni zai dauka ko uwarsa, kuna son hada fada a gida kenan. In naje Kasuwar Bacci ina zan sa kaya, ko a cinya zan rungumo buhun shinkafa? Naje na kalli bidiyon yadda ake shiga ma, sai ka tsallaka wani dakali mai fadi sannan ka zube kasa kamar mai shiga kwami, da zani da mayafi wannan ai tonon asiri ne. Ga ba rufin kirki, watan Agusta a Kaduna hmm. Allah ya bar mu da Sienna.

Sarkin_Giya_Barnawa:

Hajiya kin gama magana hhh, amma akwai dan but a bayan inji, jakar goyo daya zai dauka kuma duk abinda kika sa zai iso da dumi, in danwake ne ma ba sai an dumama ba. Dakalin da kika gani shine gefen bahon da Injiniya ya fada, nan karfin motar yake shi yasa yayi tsayi, da suka fito da ta biyu wajen 2001 sun dan rage shi saboda korafi irin naki.

Ni inda nake so a duba shine yadda motar tayi ta kiba da shekaru, abin tausayi abin dariya. An fara da 725. Masu saye suka ce muna son AC muna son gilashi mai lantarki muna son rediyo mai kyau, hukumomi suka ce sai iyabag sai ABS sai kaza, injin Toyota da giyarsa shida yafi na Rover nauyi, wadda aka kai Amurka a 2005 ta kusa kilo 900. Da nauyi ya karu sai aka kara karfi, aka dora sufacaja mai dura wa inji karin iska, ta karshe da suka yi a 2021 doki 240 ce kilo 922. Ta fi ta farko gudu nesa ba kusa ba amma da yawa cikin wadanda suka tuka duka biyun ta farkon suke yabo. Gaba daya guda 35,124 aka kera cikin shekara 25, kuma ta karshen da aka sayar Elisa din nan aka mika ma makullinta ta girma. Emira da ta gaje ta ta haura kilo 1,400, kusan biyun ta farko, Chapman da zai leko da yayi kuka.

Shasin nan kuma yayi yaya a waje. Opel Speedster, wadda Ingila ke kira Vauxhall VX220, a Hethel aka hada ta daga 2000 zuwa 2005. Tesla Roadster ta 2008, motar farko ta Tesla, Lotus ne suke hada gangar jikin su tura a sa batir da injin lantarki, batirin kadai wajen kilo 450 ne. Irinta ce Elon Musk ya harba sararin samaniya a 2018, wato dai akwai jinin Elise yana can yana zagaya rana yanzu haka.

Amma Dan Kinkinau in da gaske kake son dandana inji a tsakiya ba a bidiyo ba, ni MR2 Spyder zan nuna maka, ta uku, 1999 zuwa 2007. Toyota su akasin Lotus suka yi, ta biyun ta yi kiba ta wuce kilo 1,200 sai suka dawo da ta ukun kasa da 1,000. Shasin karfe ne mai bugun mota zai iya tabawa, rufin tanti ne kana zaune zaka ja shi, injin kuma 1ZZ doki 138, dan uwan na Corolla din nan da ko a Kasuwan Magani aka tsaya za a samu mai gyara. Abu daya da aka santa dashi, akwai wasu kananan katalis, wato matatar hayaki, a manifol dab da inji, in suka fara rugujewa garinsu na iya komawa cikin silinda ya cinye ta, masu ita da yawa cire su suke yi tun da wuri. Kuma ka nemi ta Amurka mai sitiyari a hagu, yawancin na Ingila da Japan dama ne kuma kasan tun 1972 muka koma hannun dama, yan rod sefti ba za su barka ka sha iska ba. Wani abin dariya a Faransa MR kawai suka kira ta, don in ka fadi MR2 da Faransanci yana fita kamar kalmar kashi.

Duk biyun dai matsala daya, tsakaninsu da kasa bai kai taki daya ba. Titunan cikin gari da aka gyara irin su Ali Akilu da Independence Way zaka more, amma ranar da ka shiga layin unguwa ka hadu da tudun rage gudun da matasa suka gina da kansu da bulo, nan zaka bar hancin motar.

Dan_Kinkinau:

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, Baba Allah ya kara girma da lafiya, a gaida jika mai rubutu. Na tura ma yayana bayanin kam biyun nan, yace in na kuskura na kai masa allura 6,000 in nemi wani gidan kwana. Jiya da daddare na kasa barci ina ta lissafi, in aka samu Corolla ko Vibe da tayi hatsari ta baya gabanta lafiya, a dauko injin da giyabos da shaf da kafafun gaban gaba daya a mayar baya kamar yadda Fiat suka yi, a kashe sitiyarin wurin, ai rabin aikin ya kare ko? Injiniya wayar giya ce ban san yadda za ayi ba tunda yanzu giyabos din yana bayanka ne, kada mutum ya sa daya ta shiga ribas.

Injiniya_Malali:

Kebul biyu ne, tsawo za a ƙara musu a zagayo da su ta ƙarƙashin inji, haka Lotus da Toyota suka yi. Wannan mai sauƙi ne. Tayarod ɗin da za ka kashe a baya shi zan zauna a kansa da kai, don in yana motsi ko kaɗan lokacin da taya ke hawa da sauka, abin da ya sami Baba a hanyar Kachia zai same ka a gudun keke. Kuma ba titi za a fara hawa ba, fili za a nema.

Mai_Walda_Panteka:

To tunda an ajiye gam na shigo. Akwai wata Vibe a bayan shagon makwabcina tirela ta murkushe ta daga baya tun bara, gaban ko kwarzane babu, zan taba shi in ji kudin. Dan Kinkinau ka zo ranar Asabar bayan azahar ka taho da tef da alli mu zana a kasa mu gani, Injiniya kai ma sai ka sauko daga Malali da takardunka. Sikelin masu gwangwan yana nan kusa damu, duk faif din da za a sa sai an dora shi tukuna. Hajiya kuma kiyi hakuri but din sai a zagaye na biyu.